Ciwon Bayan Baba

Su uku ne suka rage a gidan: Baba, Mama da Auta. Yayyen Auta sun girma sun kama gabansu, ɗaya tana ɗakin mijinta, ɗaya yana karatu a wani gari. Mama tela ce, kekenta yana wani shago a bakin titi, kuma ba ta dawowa gida sai rana ta yi sanyi. Baba kuwa ma'aikacin motar asibiti ne, irin mutanen nan da ake kira idan wani ya yanke jiki ya faɗi ko an yi haɗari a hanya, su zo da jiniya su ɗauke shi. A wurin aiki ba mai kiran sunansa. Ginshiƙi suke ce masa, saboda faɗin kafaɗarsa, kuma tun da ya fara aikin mara lafiya bai taɓa suɓuce masa ba.

Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba, maƙwabta ma ba su taɓa jin kansu ba. Abin da aka rasa yana can tashar motocin asibitin. Kowace mota mutum biyu ne a cikinta, alhali aikin na mutum uku ne. Sannan duk faɗin tashar babu kusurwa ɗaya da mutum zai tsaya ya ce bayansa na ciwo ba a yi masa dariya ba.

Gadon da suke ɗaukar mara lafiya a kai yana da tayoyi, amma taya ba ta sauka bene. Idan mara lafiya yana sama, dole a sauko da shi a hannu: ɗaya ya riƙe ta sama, ɗaya ya riƙe ta ƙasa yana tafiya da baya. Kusan duk nauyin kan na ƙasa yake sauka. To a wannan tasha, riƙon ƙasa na babba ne. Ba doka ba ce, haka suka tarar ana yi. Wanda ya bar wa abokin aikinsa ƙasa, sai a ce ya gama yayi. Wanda ya kira mota ta biyu ta taya shi ɗagawa, sai a daɗe ana yi masa kukan jariri duk inda ya gifta. Wanda kuma ya je ya gaya wa Oga, shugaban tashar, yana jin ciwo, akan sauke shi daga mota a kai shi ɗakin waya, inda ake amsa kira ana tura motoci. Sunan da suka sa wa ɗakin shi ne gidan tsofaffi.

Auta ta san ɗakin nan ciki da bai. Makarantarsu tana bayan tashar, don haka idan an tashi nan take zuwa ta yi aikin gida har Baba ya sauka daga aiki su tafi tare. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mai furfura da tabarau, wanda shi ma a da a mota yake. Auta Kaka take ce masa, kuma ba sa haɗuwa ba su yi faɗa ba.

"Amaryata, yau ma hannu rabbana kika zo? Ko ɗan biskit babu?"

"Kaka, ai haƙoranka ba za su iya ba."

"Ji min ja'irar yarinya! Zan sake ki in auro mai tausayi."

Abokin aikin Baba kuma direban motarsu wani siririn mutum ne mai yawan magana, ana ce masa Tsinke. Auta Kawu take ce masa. Idan su biyun suka tsaya kusa da juna, sai mutanen tasha su ce ga randa ga ludayi.

Wata rana da suka koma gida, kafin Mama ta dawo, Baba ya cire rigar aiki, ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar ɗaki ya kwanta rub da ciki.

"Auta, zo ki ɗan taka min baya."

Ta cire takalmi, ta dafa bango, ta hau. Bayan Baba yana da faɗi da tauri kamar benci.

"Ƙasa kaɗan. Ƙara sauka. Yauwa, nan. Sa dunduniya."

Ta danna, wani abu ya yi ƙas, Baba ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Auta ta yi dariya, ta ce daga yau ita ce likitan Baba. Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi.

"Wannan tsakanina da ke ne. Kar Mamanki ta ji."

"Me ya sa?"

"Kin san ta. Idan ta ji, gobe da sassafe za ta ci ɗamara ta tsaya a gaban Oga. Su kuma su kwashe ni su kai gidan tsofaffi. Kina so ki ga Babanki yana amsa waya kamar Kakanki?"

Auta ta tuna yadda Baba yake dirowa daga mota da rigarsa mai ƙyalli, mutane suna buɗe masa hanya. Ta tuna Kaka da tabarau a kan hanci.

"A'a," in ji ta.

"To shi ke nan. Bakinki alaikum."

Da farko jefi-jefi ne yake kiranta. Daga baya abin ya zama na kullum. Sannan ya fara cewa ta taka masa har cinyar hagu, wai ciwon yana gangarawa can. Wata rana ma ya ce mata tafin ƙafarsa kamar kiyashi ne ke yawo a ciki. Auta ta duba ba ta ga kiyashi ba, ta ci gaba da takawa, tana jin daɗi don ita kaɗai Baba ya yarda da ita.

Ana cikin haka hukuma ta fara turo wata likitar gashin ƙashi tashar, tana zuwa mako-mako. Mace ce gajera mai sanyin murya. Takan shimfiɗa tabarmi a filin da ake wanke motoci, ta tara duk wanda ba ya kan kira, ta sa su miƙe jijiyoyi. Tana koya musu su durƙusa da gwiwa idan za su ɗaga nauyi, su manna kayan da jikinsu, kuma kada su murɗa ƙugu da kaya a hannu, ƙafa za su juya. Abu biyu ta fi nanatawa: a riƙa musanya riƙon ƙasa a kowane hawa na bene, kuma idan mara lafiya mai jiki ne a kira taimako.

Samarin tashar sukan yi, suna ƙyalƙyala dariya idan wani ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa. Manyan kuwa sai su tsaya gefe da kofin shayi. Ranar da Auta ta fara ganin abin, Baba yana jingine da motarsu.

"Likita," in ji shi, "ni fa tun kafin a haifi yaran nan nake ɗaga mutane. Ban taɓa jin ana koya wa raƙumi durƙuso ba sai yau."

Aka kwashe da dariya. Likitar ma ta yi murmushi.

"Ranka ya daɗe, ai shi ya sa nake so raƙumin ya ƙara daɗewa a hanya."

"Ta rama! Ginshiƙi, ta rama!" in ji Tsinke, yana tafi.

Da aka watse, igiyar takalmin Baba ta kwance. Ya dube ta, ya ɗan sunkuya, ya fasa. Ya yi ƙoƙarin ɗora ƙafar a kan tayar mota, ita ma ta ƙi ɗaguwa. Auta ta sheƙo da gudu ta durƙusa ta ɗaure masa, kamar yadda ta saba yi kowace safiya a bakin ƙofa. Da ta ɗago sai ta ga likitar tana tsaye tana kallonsu.

"'Yan mata, kullum ke kike ɗaure wa Baba takalmi?"

Auta ta buɗe baki. Maganar tana kan harshenta, har da labarin kiyashin. Sai ta dubi Baba. Murmushi yake yi, amma idonsa yana kanta. Ta rufe bakin.

"Shagwaɓa ce kawai, Likita," in ji Baba. "Kin san 'yan auta."

Likitar ta matso kusa, ta rage murya yadda su uku kaɗai za su ji.

"Yallaɓai, na ga tafiyarka. Idan ciwon baya ya fara sauka ƙafa, ya wuce gajiya. Ka zo in duba ka. Wataƙila hutu ne na ɗan lokaci da gashi, ka koma motarka."

"Wa kika taɓa gani ya shiga ɗakin wayar can ya fito?"

"Ai ba sa zuwa wurina sai abu ya lalace. Kai ka zo da wuri."

"To, Allah ya kai mu," in ji Baba. Ya kama hannun Auta suka wuce. Bai je ba.

Mama ma ba makauniya ba ce. Ta daɗe tana jin warin man zafi a jikin zanen gado. Ran nan tana ware kayan wanki, ta ɗaga farar singiletin Baba ta ga sawun ƙananan ƙafafu a bayanta, ɗaya bisa ɗaya.

"Auta, zo nan. Me ya kai ƙafarki bayan rigar Babanki?"



"Wasa muke yi."

"Wane irin wasa?"

"Wasan doki."

Mama ta daɗe tana kallonta, sannan ta jefa singiletin cikin bokiti. Da Baba ya shigo ta tare shi.

"Baban Auta, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya ƙalau. Gajiya ce irin ta aiki."

"Gajiyar da ke sa mutum ya dafa bango kafin ya miƙe?"

"Haba Maman Auta, so kike ki tsufar da ni da ƙarfi da yaji? Idan kin gaji da ni ne ki faɗa."

Ta yi dariya ba don ta so ba. Ta ce, "Jiki dai magayi ne." Ya ce ya ji. Maganar ta tsaya a nan, domin ita ma tana da ɗinkin mutane jibge a shago, kuma mutum yakan so ya yarda da abin da zai bar shi ya yi barci.

Tsinke ne ya fi kowa sani, don shi yake kallon fuskar Baba daga sama duk lokacin da suke saukowa da mara lafiya. Wata rana suna wanke mota, Auta tana riƙe musu tiyo, ta ji ya ce:

"Yaya, ka bar min ƙasa ko na wata ɗaya ne. A cikin bene wa yake ganinmu?"

"Kai? Kai da iska ma ke ɗauka? So kake ka faɗo da mutum, a kwashe ku ku biyu?"

"Wallahi zan iya. Ai Likita ta nuna mana yadda ake yi."

"Na ji ka. Goge gilashin can, ka bar min nawa."

"Yaya..."

"Na ce ka bar min nawa."

Tsinke ya koma goge gilashin. Ya dubi Auta, ita kuma ta mai da kai ga ruwan da ke gudu a ƙasa.

Ranar da abin ya faru, da rana ne tsaka. Auta tana ɗakin waya tana fama da lissafi, Kaka yana tsokanarta wai amarya ba ta iya raba goma gida biyu ba. Waya ta yi ƙara. Wani mutum ne a saman wani dogon bene, numfashinsa yana sarƙewa, kuma matarsa ta ce mai jiki ne sosai. Kaka ya tura motar su Baba. Auta ta leƙa ta taga ta ga Baba ya hau, jiniya ta ɗauka, suka fice.

Jim kaɗan Kaka ya ɗauki oba-oba, na'urar da yake magana da motoci da ita.

"Ginshiƙi, kun isa? An ce mutumin babba ne, kuma matakalar ƙunci gare ta. In turo muku ta biyu?"

Muryar Baba ta fito tana ɗan shaƙewa a cikin na'urar.

"Ta biyun tana can ƙarshen gari. Kafin ta iso mutumin nan ya galabaita. Za mu iya."

Akwai gaskiya a maganarsa, motar tana da nisa. Amma akwai maƙwabta maza tsaye a ƙofar gidan, kuma akwai Tsinke da ya sake roƙonsa su yi musanya. Baba ya ce kowa ya ba shi wuri.

 Auta ta gama lissafi ɗaya ta shiga na biyu. Sai na'urar ta yi ƙara, aka ji muryar Tsinke, amma ba irin muryar da ta sani ba.

"Kaka, turo mota. Maza-maza."

"Mara lafiyan ne ya rikice?"

"Mara lafiya yana cikin mota, maƙwabta sun taya ni. Ginshiƙi ne. Yana kan matakala, ya kasa tashi. Ya ce in tafi da mutumin, kar in jira shi."

Kaka ya juyo ya dubi Auta, ya kai hannu ya rage ƙarar na'urar, amma ta riga ta ji. Fensirin ya faɗi daga hannunta ya gangara ƙarƙashin tebur. Kaka ya tura mota ta biyu, ya buga wa Mama waya, sannan ya jawo kujerarsa kusa da Auta ya zauna. Bai kira ta amarya ba.

Daga baya Tsinke ya ba da labarin yadda aka yi. Sun sauko hawa ɗaya lafiya. A kwanar matakala wurin ya matse, ba inda Baba zai juya ƙafa, sai ya murɗa ƙugu da gadon a hannu. Tsinke ya ce ya ga fuskarsa ta canja, gumi ya keto masa lokaci guda. Duk da haka bai saki ba. Ya sa gwiwa ya tokare gadon, ya riƙe shi a haka har maƙwabta suka hau suka karɓa. Sannan ya zame ya zauna, ƙafar hagu ta ƙi motsi. Mutanen mota ta biyu, waɗanda suka fi kowa iya kukan jariri, su ne suka sauko da shi, su biyu da maƙwabta biyu, ba wanda ya yi masa dariya.

A asibiti aka yi masa aiki. Likitan da ya yi aikin ya zauna a gefen gado ya yi wa Mama bayani a hankali. Ya ce tsakanin ƙasusuwan baya akwai wani ɗan faifai mai laushi kamar matashi, na Baba ya fashe ya danne jijiyar ƙafa. Ya ce zai yi tafiya, amma ƙafar ba za ta koma yadda take ba.

"Wannan ba ciwon yau ba ne," in ji shi. "Ya daɗe yana ba shi sanarwa. Da mun gan shi tun yana jin tsami a ƙafa, da ba mu kai ga wuƙa ba."

Mama ta dubi Baba, Baba ya dubi silin.

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji duka. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai: faifan ya fashe. Ta tuna dunduniyarta, ta tuna ƙarar nan ƙas da take sa ta dariya. Daga ranar ta daina shiga ɗakin da Baba yake. Idan sun zo dubiya sai ta zauna a benci a waje, ta ce warin magani ne ba ta so. A gida ta riƙa juya abinci a kwano ba ta ci. A makaranta malamarsu ta kira sunanta har sau biyu ba ta ji ba.

Bayan an sallamo Baba, wata safiya Mama tana yi mata kitso, ta ji kan yarinyar yana rawa a hannunta. Ta leƙa fuskarta ta ga hawaye.

"Na ja miki da zafi ne?"

"Mama, ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na fasa wa Baba faifan. Ba wasan doki ba ne. Taka masa nake yi kullum, da dunduniya. Ya ce kar in faɗa."

Mama ta ajiye tsinken kitso. Ta kama hannunta, da kai rabi a tsefe, ta kai ta ɗaki. Baba yana kwance a kan katifa, an sa masa matashi a ƙarƙashin gwiwa.

"Baban Auta, ka ji abin da 'yarka take ɗauke da shi a ciki tun ranar. Faɗa masa."

Auta ta maimaita, tana shessheƙa. Baba ya rufe ido. Da ya buɗe sai ya miƙa mata hannu, ta ƙi matsowa, sai da Mama ta tura ta.

"Auta, dube ni. Nauyinki nawa? Ni da nake ɗaga ƙattin da suka ninka ki sau biyar? Ba ke ba ce."

"To ai na ji yana ƙara."

"Wannan ƙarar ko yatsa ka ja yana yi. Ba ke ba ce, na rantse miki. Ni ne. Likita ta ce in zo na ƙi, Kawunki ya roƙe ni na ƙi. Sannan na ɗauko kayan da ya fi ƙarfinki na ɗora miki a ka, na ce kar ki sauke. Ki yafe wa Babanki."

Auta ba ta taɓa jin Baba ya nemi gafarar kowa ba. Ta kifa kai a kafaɗarsa ta yi kuka mai isarta.

"Da na faɗa wa Likita ranar takalmi fa?" in ji ta.

 Mama ce ta amsa, tana kallon ƙasa.

"Da ni ma na bi sawun da na gani a riga. Kowa ya gani, 'yar nan, ke ce ƙarama a cikinmu. Da-na-sani ƙeya ce. Tashi mu ƙarasa kitson."

Likitar gashin ƙashi ta riƙa zuwa gida tana motsa masa ƙafar. Ko sau ɗaya ba ta ce ai na gaya maka ba. Ranar farko Mama ta ba ta labarin Auta, sai ta kira yarinyar ta zaunar da ita, ta tabbatar mata takawa ba ta fasa komai ba, sai dai ba ta warkar da komai ba. Baba kuwa ya zama ɗalibi mai biyayya. Duk abin da aka ce ya yi, yana yi, yana cije baki, a kan tabarmar da a da yake tsayawa gefe yana yi wa dariya. Ya fara tafiya da sanda biyu, ya koma ɗaya. Amma tafin ƙafar hagu ya ƙi ɗaguwa sosai, yana ɗan jan ƙasa idan yana tafiya.

Bayan watanni Oga ya aiko cewa akwai kujera a ɗakin waya, Kaka yana bukatar mataimaki. Baba ya ce wa Mama na ɗan lokaci ne, kafin ƙafar ta gama warwarewa. Mama ta ce Allah ya sa. Ta goge masa rigar aiki, duk da ta yi masa yawa yanzu.

Ranar da ya koma, Auta ta zo daga makaranta ta same shi a can. An sa masa kujera mai doguwar majingina a kusa da taga. Kaka yana nuna masa maɓallan na'ura.

"Amaryata, ga shi na yi sabon yaro. Kansa da tauri, amma zai koya."

"Kaka, ka bi shi a hankali."

"Ni ma haka aka bi da ni? Sai ya dafa min shayi tukuna."

Baba ya yi dariya, ita ma ta yi. Ta taga ana hango filin wanke motoci. Likita ta shimfiɗa tabarminta, samari suna miƙe jijiyoyi, Tsinke yana cikinsu tare da sabon abokin aikinsa, wani matashi mai ƙiba. Biyu daga cikin manya ma sun ajiye kofin shayi sun shiga layi. Sauran suna nan a gefe yadda suka saba, sai dai sun rage surutu. Tsinke ya hango Baba ya ɗaga masa hannu, ya taho bakin taga yana haki.

"Yaya, ka ga abin da aka haɗa ni da shi? Buhu ne. Amma muna musanya a kowane hawa, ni da shi."

"Ka kyauta," in ji Baba. "Kar ka bari ya murɗa ƙugu."

Waya ta yi ƙara. Kaka ya nuna wa Baba ita da haɓa. Baba ya ɗauka, ya saurara, ya tambayi unguwa da lambar gida, ya tambaya ko a sama ne ko a ƙasa. Sannan ya ɗauki oba-oba ya kira motar su Tsinke da lambarta. Tsinke da matashin suka sheƙa da gudu, ƙofofi suka rufe, jiniya ta ɗauka.

Auta tana kallon Baba. Da jin jiniyar ya dafa tebur ya yunƙura, har ya rabu da kujera, hannunsa ɗaya yana laluben hular da ba ta nan. Sai ya tsaya a haka, rabi a tsaye. Motar ta fita daga ƙofar tasha ta sha kwana. Ya koma ya zauna a hankali, ya gyara sandarsa da ta zame.

Kaka ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga, bai dubi kowa ba.

"Idan ƙafar nan ta warware," in ji Baba, "zan..."

Bai ƙarasa ba. Ya jawo littafin lissafin Auta ya ce ta nuna masa inda ta tsaya.

Auta ta buɗe masa shafin. A lokacin ta gane cewa Baba ba zai sake komawa cikin motar ba, kuma da ya faɗi ciwonsa tun da wuri, da yanzu yana cikinta.